Yadda Ake Bin Diddigin Labarin Maye da Mai Shan Jini Kafin Ya Ci Rai

Labarin mai shan jini ba ya tashi haka kawai. Ko a ƙauyukan ƙasar Sabiya ta gabashin Turai ne shekara 300 da suka wuce, ko a kudancin Malawi, ko a wani ƙauye tsakanin Gaya da Dutse, in aka tona sai a tarar da abu biyu a ƙarƙashinsa: ciwon da aka kasa gane kansa, da mutumin da ba shi da gata. Wannan bayani na mai unguwa ne da liman da malamin firamare da ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi, don su ake fara buga wa ƙofa idan an ce an kama kurwar yaro. Gardamar ko akwai maita ko babu fagen malamai ce, mun bar musu. Abin da ke gabanmu shi ne yadda za a bi labarin daki-daki har gindinsa, mara lafiya ya samu magani, wanda aka nuna wa yatsa kuma ya kwana da ransa.

Rubuta labarin a ranar da ya fito

Ɗauki littafi da biro ka je gidan a ranar, kada ka bari maganar ta kwana. Zancen maita yaɗon kabewa gare shi, dare ɗaya ya ishe shi ya haura katanga uku. Mutum uku za ka tambaya, kowa shi kaɗai: mai jinya, da wanda ya fara furta sunan wanda ake zargi, da wani maƙwabci da ba shi da dangantaka da ɓangarorin biyu. In ka tara su a zaure ɗaya, labari ɗaya za ka ji, na wanda ya fi ƙarfin murya.

Ka rubuta ranar da ciwon ya fara, da abin da aka fara gani, zazzaɓi ne ko tari ko amai ko kumburi, da abin da ya biyo baya. Ka rubuta maganin da aka bayar, na kemis da na gargajiya, da sau nawa aka sha. Ka tambaya ko akwai mai irin ciwon a gidan ko a unguwar, da rijiyar da suke ɗibar ruwa.

Sannan babbar tambaya: ta ina sunan ya fito? Kusan kullum ta ɗaya daga ƙofa uku yake fitowa, mafarki, ko sambatun mai zazzaɓi, ko bakin mai duba. A 1725, a ƙauyen Kisiljevo na Sabiya, mutum tara suka mutu cikin kwana takwas. Kafin su cika sun ce wani maƙwabcinsu, Petar Blagojevic, wanda aka binne makonni kafin nan, shi ke zuwa da dare yana danne su yana shaƙe su. Da wannan shaidar aka tone kabarinsa, aka soke shi da tsinin itace, aka ƙone shi, jami'in gwamnatin Ostiriya yana tsaye yana kallo. A 2023, a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Wudil, wata mara lafiya ta yi mafarkin wata tsohuwa mai shekara 67 tana bin ta. Aka tarar da tsohuwar a gonarta aka kashe ta. A Fabrairun 2025 Babbar Kotun Kano ta yanke wa mutum biyar hukuncin kisa a kan wannan. Shekara kusan 300 ce tsakanin labaran biyu, amma shaidar iri ɗaya ce, abin da mara lafiya ya gani idonsa a rufe.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne wajen tambayar mara lafiya. Yaro yana kwance jikinsa kamar wuta, a sunkuya a kansa a ce, "Wa kake gani? Ko Goggo wance ce?" Sunan da aka sa masa a kunne shi zai maimaita. Don haka ka binciko ko da kansa ya ambaci sunan ko jero masa sunaye aka yi. Ka kuma binciko abin da ke tsakanin gidajen biyu tun kafin ciwon: iyakar gona, gado, bashi, neman auren da aka hana, kishi. Da wuya a rasa ɗaya daga ciki.

Gane wane irin labari ne

Masu shan jini na al'adun duniya sun kasu gida huɗu. Amfanin sanin gidan da labarinka ya faɗa shi ne ka san wanda ke cikin haɗari.

Na farko gawa ce mai tashi daga kabari, abin da Turawa ke kira bamfaya. Cibiyarta gabashin Turai: Sabiya, Romaniya inda ake ce mata strigoi, da Girka inda ake ce mata vrykolakas, mai buga ƙofa da dare tana kiran sunan mutum, shi ya sa a wasu tsibiransu ba a amsa kiran farko. Masu haƙar tarihi sun tono ƙasusuwan da ke nuna tsananin tsoron da aka yi mata. A Sozopol ta Bulgeriya, a 2012, an samu gawarwakin da aka soke wa ƙarfe a ƙirji. A ƙauyen Pien na Poland, a 2022, an samu mace da lauje a gicciye a wuyanta da kwado a yatsan ƙafarta. Abin ya kai sai da sarauniyar Ostiriya, Maria Theresa, ta hana tone kaburbura da ƙona gawa a 1755, bayan likitanta Gerard van Swieten ya rubuta mata cewa ruɓewar gawa ce mutane ba su fahimta ba. A ƙasar Sin kuma akwai jiangshi, gawa sandararriya mai tafiya da tsalle tana zuƙe numfashin rai, ana tsayar da ita da laya ta takarda rawaya a goshi. Ana danganta asalinta da masu mayar da gawar ɗan ci-rani garinsu, waɗanda kan ɗaure gawarwaki a tsaye jikin gora mai tsawo su saɓa da dare, gorar na lanƙwasa gawarwakin na yin sama da ƙasa.

Wannan gida ba shi da gindin zama a ƙasar Hausa. Mukan binne mamaci a ranar da ya rasu, ba ma tone kabari, kuma aƙidarmu ita ce wanda ya tafi ba ya dawowa sai ranar tashi. Sai dai a nan nauyin yake. Baturen ƙauye yakan huce fushinsa a kan gawar da ba ta jin zafi, mu kuwa zarginmu a kan mai rai yake sauka.

Gida na biyu shi ne namu: mutum ne a cikin gari, ana cin kasuwa da shi da rana, da dare a ce yana fita cin mutane. A wajenmu maye ne, mai ƙanƙara a ciki, wadda ake cewa ko ya sha ta a nono ko ya saya, yana kama kurwa ya ɓoye, mai ita ya yi ta ramewa. Ashantawan Ghana suna da obayifo. Kabilar Ewe ta Ghana da Togo suna da adze, mai rikiɗa ya zama ƙwaron nan mai walƙiya da dare ya shiga ɗaki ya sha jinin yara. A Tirinidad akwai soucouyant, tsohuwa mai tuɓe fatarta ta ajiye a turmi ta tashi kamar dunƙulen wuta, maganinta a zuba wa fatar gishiri da barkono. A Malesiya akwai penanggalan, kan mace mai tashi da kayan ciki a rataye tana neman gidan mai jego. A Filifin manananggal ce, mai rabewa biyu daga ƙugu. A jihar Tlaxcala ta Meziko kuma tlahuelpuchi, mai shan jinin jarirai. Duba jerin nan da kyau: kusan duka mata ne, galibi tsofaffi, galibi masu zama su kaɗai. In labarinka na wannan gida ne, wanda ke cikin haɗari sananne ne, yana da suna da gida, kuma matasa sun san hanyar gonarsa.

Na uku iskoki ne. Mutanen Iraƙi na dā suna da Lamashtu mai kashe jarirai, Larabawan Jahiliyya suna da gul na cikin sahara, a bori kuma akwai Inna, wadda aka daɗe ana cewa ita ke shanye ƙafar yaro, kafin a san ƙwayar cuta ce da ɗigon rigakafi ke karewa. A nan ba a dukan kowa, ɓarnar ita ce lokacin da ake ɓatawa wajen girka da turare ciwo yana cin jiki.

Na huɗu baƙo ne ko ma'aikacin hukuma. A zamanin mulkin mallaka, a Nairobi da Kampala, an yi ta raɗe-raɗin cewa 'yan kwana-kwana suna kama mutane su zuƙe jininsu, ana kiransu wazimamoto. A Zambiya ta lokacin ana cewa banyama, zargin har ya shafi ma'aikatan yaƙi da ƙudan tsando. Masaniyar tarihi Luise White ta tattara waɗannan labarai a littafin da ta fitar a 2000, ta nuna yadda suka taso daga aikin tilas da ɗibar jinin da ba a yi wa mutane bayaninsa ba. A 2017 irin wannan jita-jita ta tashi a Mulanje da Phalombe na Malawi, aka kashe mutane, ciki har da mai farfaɗiya, Majalisar Ɗinkin Duniya ta janye ma'aikatanta daga gundumomin biyu, 'yan sanda suka kama fiye da mutum 100. Namu shi ne labarin 'yan shan jini da 'yan mafiya masu mota mai baƙin gilashi. Wanda ke cikin haɗari a nan shi ne baƙon da ya ɓata hanya, da mai taɓin hankali, da ma'aikatan lafiya masu ɗibar jini.

Nemo ciwon da ke ƙasa

Wannan shi ne zuciyar aikin. Mutane ba ƙarya suke yi ba idan suka ce jinin yaro ya ƙare. Sau da yawa ya ƙare ɗin, abin nema shi ne me ya shanye shi. Ja fatar idonsa ta ƙasa ka duba cikinta a hasken rana, ka duba tafin hannu da harshe, ka gwada da na lafiyayyen yaro tsaransa. In sun yi fari fat, akwai ƙarancin jini, kuma gwajin PCV zai faɗi yawansa da lamba. Lafiyayyen yaro yakan haura 30. In ya sauka ƙasa da 15, maganar ƙarin jini ake yi, a ranar.

Daga nan sai ka haɗa alamun da lokacin shekara. Yaro ɗan ƙasa da shekara 5, tsakanin Agusta da Oktoba, da zazzaɓi da sambatu da jijjiga: zazzaɓin cizon sauro ne har sai gwaji ya ce ba shi ba ne. Ƙwayar cutar tana shiga jajayen ƙwayoyin jini ta fasa su, in ta taɓa ƙwaƙwalwa kuma yaro ya riƙa gane-gane yana kiran sunaye, abin da ake fassarawa da kama suna. Gwajin ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa, sakamako cikin minti 15 zuwa 20. In yaron ba ya iya sha ko ya fita hayyacinsa, ƙwayar magani ba ta isa ba, allurar artesunate yake buƙata a babban asibiti.

In 'ya'yan mace ɗaya ne ke ta ciwon ƙashi da shawara, hannu da ƙafa na kumbura tun suna jarirai, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, na kishiyarta kuwa lafiya ƙalau, a gwada rukunin jinin iyayen kafin a kalli kishiyar. Uwa AS da uba AS, wato kowannensu na ɗauke da gadon sikila ba tare da yana ciwon ba, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zo da sikila. In kishiyar AA ce, wato ba ta ɗauke da shi, nata ba za su yi ba. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya bayyana abin da ya raba gidaje da yawa.

In manya ne ke ramewa a ɗaki ɗaya, da tarin da ya wuce mako biyu, da gumin dare, wani lokaci da jini a majina, a kai majinar gwajin tarin fuka. Shi ne ciwon da ya fi kowane haifar da labarin bamfaya a Amurka. A garin Exeter na jihar Rhode Island, tarin ya kashe wata uwa da babbar 'yarta, sannan a Janairun 1892 ya kashe ƙanwarta, Mercy Brown, mai shekara 19. Da ɗan'uwanta Edwin ya kwanta, maƙwabta suka matsa aka fito da gawarta a watan Maris, aka ƙone zuciyarta aka jiƙa masa tokar ya sha. Bai ƙara wata biyu cikakku ba ya rasu. Shekara goma ke nan da Robert Koch ya gano ƙwayar cutar a 1882, labarin ne bai iso ƙauyen da ƙarfi ba. Yau maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati, wata shida ake sha, kuma dole a gwada duk wanda ke kwana a ɗakin.

Sauran a taƙaice. Zazzaɓi da ciwon kai da sandarewar wuya a bazara, sanƙarau ne, ba a kwana da shi a gida. Amai da gudawa mai kama da ruwan shinkafa, ido ya faɗa cikin sa'o'i har a ce an tsotse mutum, kwalara ce: a fara ruwan gishiri da sukari tun a hanya, galibi ƙunshi ɗaya a lita ɗaya, wato ledar fiya-wata biyu. Yaran da ke wanka a magudanan Kadawa da Kura ko fadamun Auyo da Haɗeja, masu fitsarin jini da ramewa a hankali, tsargiya ce, ga kuma tsutsar ciki mai shiga ta tafin ƙafa tana shan jini a hanji. Wanda ya fara tsoron ruwa yana dalalar da yawu yana neman cizo, a tambaya ko kare ya taɓa cizonsa a watannin baya. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Sifaniya, Juan Gomez-Alonso, ya rubuta a 1998 cewa ciwon haukan kare na iya zama tushen wasu labaran bamfaya. Cizon kare ana wanke shi da sabulu da ruwa minti 15, a nemi allura a ranar, don in alamu suka bayyana an makara.

Mai ciki da mai jego da jariri su ne abincin mai shan jini a kusan kowace al'ada, saboda su ne mutuwa ta fi ɗauka ba sallama. Mai cikin da ƙafarta da fuskarta suka kumbura, kanta na sarawa, ta fara jijjiga, hawan jini ne na ciki. Jaririn da ya daina kama nono bakinsa ya ƙulle a makon farko ko na biyu, a duba abin da aka yanke cibiyarsa da shi da abin da aka shafa mata. A Tlaxcala, masanin al'adu Hugo Nutini ya lura cewa mutuwar jariran da ake ɗora wa tlahuelpuchi ta fi yawa a dararen sanyi, lokacin da uwa ke shayarwa a kwance cikin barguna barci ya kwashe ta. A hunturunmu kuma ga ƙarin haɗarin kaskon gawayi a ɗakin da aka toshe ko'ina.

Akwai kuma abu biyu masu tayar da zargin ko da ba a jinyar kowa. Dannau, inda mutum ke farkawa ya kasa motsi yana jin an hau ƙirjinsa, har ya ga siffar wani a ɗakin, abu ne da ke faruwa ga lafiyayyu a ko'ina a duniya, yana wucewa cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna, ya fi kama mai kwanciya rigingine da wanda barci bai ishe shi ba. Sai ruɗewar tsufa. Tsohuwar da aka tsinta da asuba a bayan gidan wani, ba ɗankwali, ba ta san inda take ba, tana amsa duk abin da aka tambaye ta da "e", mara lafiya ce mai buƙatar a mayar da ita gida a lulluɓe ta. Irinta ce ake cewa mayya ta faɗo.

In maganar gawa ce

Wani lokaci masu wanka ne ke fitowa da zance: gawa ta ƙi sandarewa, ko jini na fita ta hanci, ko ciki ya kumbura, ko an ji ta yi nishi da aka juya ta. Waɗannan su ne ainihin alamun da likitan soja Johannes Fluckinger ya rubuta a rahotonsa na Janairun 1732 kan ƙauyen Medveda na Sabiya, rahoton da ya yaɗa sunan bamfaya a Turai. Duk aikin ruɓewa ne. Gawa takan sandare cikin 'yan sa'o'i, ta sake saki bayan kwana ɗaya zuwa biyu, a zafi ma kafin haka. Iskar da ƙwayoyin cuta ke tarawa a ciki ita ke kumbura shi, ta turo ruwa mai launin jini ta baki da hanci, in an danna ƙirji ta fita ta maƙogwaro da ƙara. Fata tana janyewa sai farce da gemu su yi kamar sun ƙaru. Sanyi kuma yana jinkirta komai, shi ya sa gawar Mercy Brown, da ta yi wata biyu cikin tsananin hunturu, ta fito kamar ba ta daɗe ba. Liman ya yi wa masu wanka wannan bayani tun kafin buƙata ta taso, ya kuma tuna musu cewa abin da aka gani a wajen wanka amana ce.

Sa'o'in farko

Aiki biyu ake yi a lokaci guda, da mutane daban. Rukuni ɗaya ya ɗauki mara lafiya zuwa babban asibiti mafi kusa, Wudil ne ko Rano ko Bichi, Ringim ko Gumel ko Birnin Kudu, tare da mutum biyu masu lafiya da za su iya ba da jini. Kada a yi musu da uwar yaro kan abin da ta yi imani da shi, ba lokacinsa ba ne. A ce mata, "Yaya, sannu da jinya. Addu'a ba za mu fasa ba, Malam ma zai bi mu. Amma mu je a auna jininsa yanzu, ga babur a waje." In dangi na tsoron ɗibar jini, a nuna musu da ido: na gwaji bai wuce ƙaramin cokali ba, na bayarwa kusan rabin lita ne, babban mutum kuwa yana ɗauke da kusan lita biyar. Tsoron nan yana da tarihi a Kano tun gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a annobar sanƙarau ta 1996, don haka amsarsa bayani ce dalla-dalla, ba tsawa ba.

Rukuni na biyu ya ɗauke wanda ake zargi daga gidansa kafin magariba, zuwa gidan dagaci ko hakimi, tare da 'ya'yansa ƙanana. A je da dattijo, in mace ce a je da mace, a ce, "Iya, ba kama ki muka zo yi ba. Dagaci ne ya ce ki kwana a gidansa yau har ƙura ta lafa." A sanar da 'yan sanda a lokacin, kada a jira sai taro ya haɗu. A bar wani babba a ƙofar gidanta saboda masu cinna wuta a rumbu. 'Yan sintiri su tsaya a nesa in akwai dangin mara lafiya a cikinsu. A hana ɗaukar bidiyon mara lafiya yana sambatu, don da zarar ya shiga WhatsApp ya fi ƙarfin mai unguwa.

Kada a yarda da tsallake, ko da wanda ake zargin ne ya nema don ya wanke kansa. Tarko ne mara ƙofar fita. Zazzaɓi yana hawa yana sauka da kansa, jijjigar zafin jiki takan tsaya cikin mintuna. In an tsallaka yaro ya ɗan farfaɗo, a ce ta saki, ke nan mayya ce. In ya rasu, a ce ta ƙi saki. Amsa laifin da aka samu da bulala ko a tsakiyar taro ba shaida ba ce a shari'ar Musulunci, ba kuma shaida ba ce a kotu. Liman yana da abin faɗa a nan: aya ta 6 da ta 12 na Suratul Hujurati kan bincika labari da nisantar zato, da hadisin da ya ɗora hujja a kan mai da'awa. Dagaci kuma ya faɗa a fili cewa kundin dokokin laifuka na Final Kod ya mayar da jifan mutum da maita laifi, haka ma gwada shi da wata jarrabawar gargajiya, ya tuna wa matasa hukuncin da aka yanke kan kisan Wudil.

Game da kayan kariya, a raba mai cutarwa da mara cutarwa. Tafarnuwa tana cikin maganin mayu a wajenmu, tana cikin na Romaniya da na Filifin. Turawan gabas sukan watsa gero a kabari don mamaci ya shagala da ƙirga, mutanen Tirinidad su zuba shinkafa a bakin ƙofa, na Malesiya su rataya ganye mai ƙaya a taga. Wanda ya rataya tafarnuwa a ɗakinsa ko ya ce "kurwata kur" bai cuci kowa ba, a bar shi. Abin hanawa shi ne ɗura jiƙo ko rubutu a bakin wanda ba ya cikin hayyacinsa, don huhu yake tafiya. Cusa cokali a bakin mai jijjiga. Turara hayaƙi a rufaffen ɗaki ga yaro mai wahalar numfashi. Da ɗaura dakakkiyar tafarnuwa a fatar jariri, tana ƙona ta. Mai jijjiga a kwantar da shi a gefensa, a sassauta masa tufafi, a nemi abin hawa.

Wani abu da ke ƙara ruɗa matasa yanzu shi ne finafinan da ake fassarawa. Bamfaya mai baƙar alkyabba da fiƙoƙi da gidan sarauta ƙirƙirar marubuta ce, musamman littafin Dracula na Bram Stoker na 1897, mutuwarsa da hasken rana kuma daga fim ɗin Jamus na 1922 ta samo asali. Na ƙauyen Sabiya talaka ne kumburarre cikin likkafaninsa. Jemage mai shan jini kuwa iri uku ne kacal, duka a nahiyar Amurka, daga Meziko zuwa Ajantina. Na bishiyoyinmu 'ya'yan itace suke ci, ƙananan na cikin rufin ɗaki kuma ƙwari.

Bayan an dawo daga asibiti

Nan ne aka fi sakaci. Yaro ya warke, kowa ya koma gona, amma sunan ya manne. Ba a sayen ƙosan matar, ba a neman auren 'ya'yanta, jikokinta ma a ce sun sha a nono. Don haka a karɓo takardar sakamakon gwaji, da izinin iyayen yaron, a kai wa dagaci. Shi zai tara waɗanda aka yi zargin a gabansu, a wurin da aka yi shi, ma'aikacin lafiya ya karanta sunan ciwon da lambar jinin ranar da aka kai yaron da ta ranar sallama. Wanda ya fara furta sunan ya janye da bakinsa a gaban mutane. In an ƙona mata rumbu ko an kashe mata dabba, a ƙiyasta a biya, a rubuta.

In kuma yaron ya rasu, haɗarin ya fi yawa daga jana'iza zuwa sadakar uku, sannan ya sake tashi ranar bakwai da ta arba'in, lokacin da dangi na nesa ke zuwa su ji labarin sabo. Hausawa sun ce in maye ya manta uwar ɗa ba ta manta ba, don haka kada a mayar da wadda aka zarga gidanta a waɗannan ranaku ba tare da mai tsaro ba. A nemi likitan da ya duba yaron ya rubuta abin da ya kashe shi, liman ya je da takardar wajen uban yaron shi kaɗai kafin a karanta wa kowa. Sauran yaran gidan kuma a kai su gwajin abin da aka samu a jikin ɗan'uwansu a cikin makon, a duba gidan sauronsu, a tabbatar suna karɓar maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa 'yan wata 3 zuwa shekara 5 kowane wata a damina.